Injin DI marar ruwa da na gani a intanet, in saya ko in haƙura?

"Salam Oga, Allah ya ƙara basira. Ina da ƙaramar maɗaba'a a Kano, injinan ofset na Heidelberg, Kord ɗaya da GTO mai kala ɗaya, nake aiki da su, aikin kala huɗu kuma sai dai in kai waje a yi min. To na ci karo da wani injin Presstek 34DI na hannu da wani dila a Amurka yake sayarwa, kuɗin bai kai yadda na zata ba, kuma an ce ba ya amfani da ruwa, ba ruwansa da filim ko CTP (na'urar ƙona filet daga kwamfuta), daga kwamfuta sai bugu. Ga kakar siyasa na tafe. Dan Allah in saya? Ya ake sarrafa shi, kuma gyaransa fa?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi uku ka dunƙule wuri ɗaya: shin injin ya dace da irin aikinka, shin za ka iya riƙe shi a gari kamar Kano, sannan in ya tsaya wa zai tashe shi. Na yi shekaru ina tsaye a kan irin wannan injin kafin na koma ɓangaren shirya aiki, don haka zan gaya maka abin da hannuna ya taɓa, kai kuma ka auna da aljihunka.

Amma bari mu fara kawar da wani ruɗani, don na sha ganin an yi ciniki kowa da abin da yake nufi. A kasuwar bugu ta ƙasar nan, daga Shomolu har Kano, in mutum ya ce "a yi min DI" yawanci injin tona yake nufi, irin su Konica Minolta ɗin nan masu fitar da A3, wato babbar fotokwafi mai kala. Wannan da ka gani ba shi ba ne. Wannan ofset ne na gaske, da tawadar gwangwani da rola da filet (farantin da yake ɗauke da zanen) da bilanket (robar da take kai tawada kan takarda), abin da ya bambanta shi da GTO ɗinka shi ne a cikin cikinsa yake ƙona filet ɗinsa da leza, abin da ake nufi da DI (Direct Imaging) ke nan, kuma babu ruwa a bugun. To ka tabbata kai da wanda zai ba ka rance ko haɗin jari kuna maganar abu ɗaya ne.

Daga ina injin ya fito

Bugu ba ruwa ya girmi DI. Kamfanin 3M na Amurka ne ya fara gwada shi a ƙarshen shekarun 1960 ya ajiye, sai Toray na Japan ya ɗauka ya fito da filet ɗinsa a 1977. Haɗa shi da ƙona filet a kan inji kuma aikin Heidelberg ne da Presstek, da GTO-DI a 1991, sai Quickmaster DI 46-4 a 1995 wanda shi ne ya bazu a duniya sosai. Shi 34DI da ka gani gangar jikinsa Ryobi ne suka ƙera a Japan, ɗan'uwan Ryobi 3404DI ne, leza da filet kuma na Presstek. Heidelberg sun daina ƙera nasu wajen 2006, Presstek kuma Mark Andy ya saye shi a 2018. Ba don tarihi na kawo wannan ba, so nake ka gane dalilin arahar: masu shi a Turai da Amurka sun koma injinan dijital da CTP mai sauri, suna neman mai kwashe musu. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a nan kuɗin injin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe.

Yadda yake aiki kuwa, kai da ka san Kord ba sai na wahalar da kai ba. A naka ruwa ne yake jiƙa inda ba zane sai tawada ta ƙi zama, shi ya sa ofareta yake wuni yana kokawa da ruwa da tawada, ruwa ya yi yawa kala ta kwanta, ya yi kaɗan takarda ta yi datti. A wannan an shafa wa filet ɗin silikon siriri a sama, shi silikon ɗin tawada ba ta kama shi. Leza sai ta ƙona inda zane zai fito, wani tsumma na inji ya goge ɓurɓushin, to inda aka ƙwaƙule ɗin nan ne kawai tawada za ta zauna. Filet ɗin ma ba na alminiyam ba ne, roba ce mai kauri a naɗe kamar tabarma a cikin silinda, kowace kala da nata naɗin, in aiki ya ƙare injin ya ja sabo ya naɗe tsohon da kansa. Naɗi ɗaya yana ba ka aiki kusan talatin, ba ya wuce haka da yawa. Tunda duka huɗun a kan inji ake ƙona su, rajista, wato hawan kalolin daidai a kan juna, tana zuwa daidai tun daga farko, ba ka hawa da sifana kana juya filet. Daga tura fayil zuwa takarda mai kyau ta farko minti goma zuwa sha biyar ne in komai lafiya, takardar gwaji kuma 'yar kaɗan. Kuma gaskiya a faɗe ta, bugun yana da kyau. Ɗigon hoto yana fita tsaf, ja ya fito ja, baƙi ya fito baƙi wuluk, hoton amarya in ka buga a at fefa sai ka rantse daga waje aka kawo shi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi dila zai gaya maka. Ga wanda ba zai gaya maka ba.

Zafi

Ruwan nan da muke zagi a ofset yana yin wani aiki a ɓoye, yana sanyaya rola. Da ka cire shi, rola suna gugar juna suna ɗaukar zafi, tawada ta yi laushi, kuma da zarar ta tsinke fiye da ƙima silikon ya daina iya ture ta, sai ka ga farin takarda ya fara ɗaukar wani hazo-hazo na kala, yawanci daga ja ko baƙi yake farawa. In kuma sanyi ya yi yawa tawada ta yi tauri, ta ƙi shimfiɗuwa, ta riƙa tsinkar fuskar takarda. Tsakanin waɗannan biyun tazarar ba ta da faɗi, digiri kaɗan ne, galibi ana so fuskar filet ta zauna tsakanin 25 zuwa 30 gwargwadon tawadar da kake amfani da ita, ɗakin kuma kada ya wuce 25. Saboda haka injin yake zuwa da cila, na'urar da take zagaya ruwan sanyi ta cikin rolan ƙarfe. Wato ba ya amfani da ruwa a bugu, amma ba ya rayuwa in ba ruwan sanyi. Yanzu ka tuna Kano a watan Afrilu da ƙarfe biyu na rana, zafi ya haura 40, shago da rufin kwano.

Ni na ɗanɗana. Wata bazara muna buga bangon littafin taron yaye ɗalibai, kwafi dubu uku, shuɗi ne shimfiɗe a gaba da fari a tsakiya. Da safe komai ya tafi sumul. Bayan azahar NEPA ta ɗauke, muka koma janareta, janaretan ba ya ɗaukar inji da cila da esi biyu a tare, sai na ce a kashe esi ɗaya ai saura kaɗan mu gama. Ba mu yi minti arba'in ba yaron da yake kwasar takarda a baya ya ɗago ɗaya ya ce Oga farin nan ya zama ruwan hoda. Na ɗauko bindigar awon zafi na haska filet ɗin ja, ta wuce inda ya kamata. Muka koma muna zare takarda ɗaya-ɗaya daga tari muna neman inda abin ya fara, fiye da ɗari bakwai muka zubar, kati ne mai tsada, kuma laifin ba na inji ba ne, nawa ne. Tun ranar na sa doka, in janareta ba zai ɗauki komai ba to a kashe injin a je a sha shayi.

Damina ma tana da nata. In ka sauke cila ƙasa sosai ga danshi a iska, rola sai su fara gumi kamar kwalbar lemo, ɗigon ruwa ya shiga tawada, ka samu tabo. Hunturu kuma abu biyu yake kawowa. Na farko ƙura, shi kuwa silikon laushi gare shi, ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakanin rola da filet za ta ja masa layi, layin kuma tawada zai kama ya fito a kowace takarda, ba a goge shi da soso kamar na GTO, sai dai ka ƙona sabon filet. Na biyu bushewar iska, takarda ta cika da lantarki tana mannewa juna, fida, wato ɓangaren da yake tura takarda cikin inji, ta ɗauki biyu-biyu, a baya kuma ta ƙi jeruwa. Injin ruwa yana ɗan jiƙa takarda ya rage wannan, marar ruwa ba shi da wannan gatan. Don haka ɗaki rufaffe kake buƙata, da silin, da ƙofa biyu in zai yiwu, da na'urar ƙara danshi a hunturu, kuma gilotin, wato injin yanka takarda, da wurin naɗe takarda su zauna a wani ɗakin daban. In shagonka irin wanda ƙofa a buɗe take babura na wucewa ne, kuɗin gyara ɗakin ka fara lissafawa.

Filet da tawada, a nan gizo yake saƙa

GTO ɗinka ko wane filet ka samu a kasuwa za ka ɗaura, na Sin ne ko na Indiya, in wannan shagon ba shi da shi na gaba yana da shi. 34DI naɗin da aka yi dominsa kawai yake ci, wanda Presstek suke kira ProFire, Quickmaster DI kuma PearlDry. Filet ɗin Toray na alminiyam ne, shi ma marar ruwa ne amma ba ya shiga wannan silindar. Kenan duk aikin da ka karɓa da naira, filet huɗunsa da dala ka saye su, ka biya jirgi, ka jira kwastan, kuma ba kaya ba ne da za ka tara na shekara biyar ka ajiye a sito mai zafi, yana tsufa. Ga tsumman goge filet da na wanke bilanket, su ma a naɗe suke zuwa daga waje. Tawada ma tata daban ce, irin su Toyo Aqualess, ta fi ta ofset kauri. Ka zuba masa tawadar Kord za ta shafe takardar gaba ɗaya. Kuma ɗabi'ar nan tamu ta tsinka tawada da ɗan mai ko kananzir in ta yi tauri, ko wanke bilanket da fetur, ka hana yaranka tun ranar farko, fetur yana kumbura silikon yana kuma cinye robar rola.

Shawarata tun kafin ka ƙara yi wa dilan magana: nemi wanda zai sayar maka da filet da tawada, ka sa ya rubuto maka farashi har zuwa filin jirgin Kano ko Legas, da kwana nawa kaya suke ɗauka, da ko zai ci gaba da kawowa. Sai ka raba kuɗin naɗi huɗu da yawan aikin da suke bayarwa, ka kwatanta da abin da kake biya yanzu a yi maka filet huɗu a wurin masu CTP har da kuɗin zuwa da dawowa. In ba ka samu wannan amsar a rubuce ba, maganar ta ƙare a nan, don inji ba filet tarin ƙarfe ne mai nauyin sama da tan uku.

Aikin siyasar da kake hange

A nan ina jin za ka ɗan ji ba daɗi. Takardar da 34DI yake ɗauka iyakarta milimita 340 da 460, wato A3 da ɗan ƙari. Fosta ta siyasa yawanci A2 ce, 420 da 594, ba ta shiga, ko yayansa 52DI mai 520 da 375 ba ya ɗaukarta. Kord ɗinka ya fi shi amfani a wannan. Sannan filet ɗin roba ƙarfinsa wajen bugu 20,000 ne, gudun injin kuma 7,000 a awa a takardar kamfani, a zahiri ƙasa da haka za ka tafi. Ɗan siyasa kuwa dubu hamsin yake so gobe da safe a takarda mai araha, ita kuma takarda mai araha gari take zubarwa, garin ya manne a bilanket ya dame ka da tabo. A ɗaya gefen, mai katin biki ɗari biyu ko mai son kowane kati da sunan mutum daban, injin tona ya riga ya cinye wannan kasuwar, don DI in ya ƙona filet abu ɗaya zai yi ta bugawa. Gonarsa tana tsakiya, daga kamar 500 zuwa 'yan dubbai, aiki mai son kala mai kyau kuma mai shi zai biya: ƙasidar banki ko asibiti, bangon littafi, lebur na kayan kwalba, kalandar tebur, rahoton shekara na ƙungiyoyi. Ɗauko littafin odarka na wata shida, ka ƙirga nawa ne suka faɗo a wannan layin. In a sati ba ka samun irin su goma zuwa sama, injin zai fi zama a kashe, kuma zama yana lalata shi, rola su bushe, tawada ta daskare a kwano.

In ka ce duk da haka za ka saya

Kada ka yarda da bidiyon inji yana juyawa ba takarda. Ka biya injiniya mai zaman kansa a can, wanda ya san DI, ya je ya gani da idonsa. Ka tura musu fayil naka, ba nasu ba, kuma a ciki ka sa shafi guda shimfiɗe da kala rabi-rabi a kowace kala daga gefe zuwa gefe. Dalili shi ne kan lezar yana da ƙwayoyi da yawa, in ɗaya ta mutu ko ta yi rauni za ka ga siririn farin layi ya bi tsawon takarda, a hoto mai hayaniya yana ɓuya amma a shimfiɗaɗɗiyar kala ba ya ɓuya, kuma leza ita ce abu mafi tsada a jikin injin. A duba ma'aunin ƙirga bugu a ga miliyan nawa ya buga, a duba babbar silinda ko an taɓa matse sukurudireba ko takarda ta dunƙule ta lotsa ta, a duba giripa, wato 'yan yatsun ƙarfen da suke riƙe takarda, tunda a wannan injin takarda tana zaga silinda ɗaya ne a riƙe ta karɓi kala huɗun, giripa in ta gaji rajistar da ake yabo ta tafi. A tabbata cila da kwamfiresa suna cikin cinikin. Sai kwamfutar RIP mai shirya wa leza fayil, da 'yar makullinta da ake sokawa a baya, dongul, da lambobin sirri da littattafan gyara. Na san wanda injinsa ya iso lafiya amma dila ya manta da dongul a aljihun tebur, wata biyu injin yana zaune ana kallonsa. Kwamfutocin nan kuma tsofaffi ne masu tsohuwar Windows, ranar da ta iso ka sa a kwafe ma'ajiyar kwamfutar (hard disk) gaba ɗaya a ajiye biyu, kuma kada wani ya soka mata filashin da ya yawata gari.

Wuta: a ma'aunin saurin kaɗawar lantarki Amurka 60 hez suke, mu 50, boltejinsu na layi uku ma ba irin namu ba ne. Ka sa a ɗauko maka hoton farantin da ke jikin injin da na cilar, ka nuna wa mai wutar da ka yarda da shi, taransifoma tana gyara bolteji amma ba ta gyara hez, wani lokacin cilar sai an sauya ta. Saboda haka in akwai irinsa a Turai na fi son na Turai. Ka sa sitabilaiza mai kyau, UPS a kan kwamfuta, da wayar ƙasa ta gaske, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ƙona filet huɗun nan sun tafi. Fom M, takardar shigo da kaya daga waje, ka buɗe a banki kafin kaya su hau jirgin ruwa, ba bayan sun taso ba, kuma ka lissafa kiren da motar da za ta hauro da shi daga Apapa, da daɓen kankare mai kauri da aka daidaita da ma'auni.

Kulawar yau da kullum ba wuya gare ta ba, naci take so. Da safe a kunna cila da esi a bar su su daidaita kafin a taɓa inji, a bar rola su juya da tawada su ɗan ɗumama. A goge tagogin leza da abin da littafi ya ce, a hankali, a zubar da ɓurɓushin silikon daga matatar da take zuƙe shi, don in ta toshe ƙurar kan lezar take komawa. Duk sati a duba faɗin layin da rola take bari a kan filet, matsi in ya yi yawa zafi ne da karce. Ruwan cila tataccen ruwa ne da maganinsa, ba na rijiya ko na 'yan garuwa ba, kanwar ciki tana toshe bututu. Aikin da tawada ta yi nauyi a rage tsayin tari a ƙara hoda kaɗan, kar a juya baya da wuri. Ofareta kuma, abin mamaki, na fi samun sauƙi da yaron da ya iya kwamfuta aka koya masa inji a kan tsohon hannu da ya shekara ashirin a Kord, shi tsohon hannu komai ya gani soso da sifana yake nema.

Injiniya shi ne abu na ƙarshe kuma kada ka raina shi. Makanikan Heidelberg na gargajiya muna da su a Kano da Kaduna da Legas, za su gyara maka fida da giripa da rola ido rufe. Leza da allunan lantarki wani fanni ne daban, sai ka nemi mutum takamaimai, ka ji ta bakinsa cewa ya taɓa buɗe irin wannan, ka san kuɗin jirginsa da masaukinsa, kafin ka tura ko sisi waje.

Ni ban ga wannan injin ba kuma ban ga littafin cinikinka ba, aikina ma a ƙananan DI na yi shi, a kan takarda da kati, ba roba ko tawadar UV ba, don haka hukuncin lafiyarsa na injiniyan da zai tsaya a gabansa ne. Amma da ni ne a shagonka da Kord da GTO mai kala ɗaya, kuɗin nan GTO 52 mai kala huɗu ko Speedmaster 52 na hannu zan nema, in ci gaba da karɓo filet a wurin masu CTP, in ya so ribar kakar siyasa in ƙara da ƙaramin injin tona don masu ɗari biyu. In ka samu farashin filet ɗin a rubuce da hoton farantin wutar, turo min mu sake zama a kai.